Kacalla A Fadamar Haɗejiya Da Nguru: Baƙuwa Ce Ko 'Yar Gida?

Kowace shekara, da zarar damina ta kai tsakiya, labarin da ke zuwa daga ƙasar Haɗejiya da Nguru kusan iri ɗaya ne: ruwa ya ci gonakin shinkafa, ya shiga gidaje, ya yanke hanyar mota. An ga haka a 2020, a 2022 kuwa abin ya fi muni, har mutane masu ɗimbin yawa a Jihar Jigawa suka rasa amfanin gona da wurin kwana a lokaci guda. Abin mamaki, in rani ya yi sai kuma a ji mutanen da ke can gangare, wajen Gashuwa da Gaidam, suna kukan ruwan kogi bai ishe su ba. Kogi ɗaya ne, amma wasu na kukan ya yi musu yawa, wasu na kukan ya yi musu kaɗan.

In ka tambayi manomi ko masunci a Guri, ko Kiri Kasamma, ko Auyo, abin da ya jawo wannan, sunan da zai fara faɗa maka shi ne kacalla, watau doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa wadda wasu ke kira shalla. Ita ce ta toshe hanyoyin ruwa, ita ce ta cinye gonaki, ita ce ta hana jirgin masunci wucewa. Mutane da yawa kuma sun ɗauka baƙuwa ce, daga wata ƙasa aka kawo ta, ko iska ta kwaso irinta ta zubar mana. Gwamnatoci na kashe kuɗi masu yawa wajen yaƙi da ita, talakawa na kashe ƙarfinsu. Saboda haka ya kamata masu karatu su san asalin wannan ciyawa da halinta, gama wanda bai san abokin gābarsa ba, harbin iska ya kan yi.

Kamanninta Da Halinta

Kacalla ta kan kai ƙafa goma a tsaye, wani lokaci har ta fi. Ganyenta dogo ne siriri kamar takobi, kanta kuma zangarniya ce mai kama da ta gero, launin ƙasa-ƙasa. Furen namiji yana sama, na mace yana ƙasa, da 'yar tazara a tsakaninsu. In zangarniyar ta nuna sai ta fashe ta zama kamar audugar rimi, iska ta ɗauke ta. A cikin zangarniya guda a kan sami ƙwayar iri fiye da 100,000, kowace kuwa da 'yar lemarta ta tashi sama. Duk inda ƙwayar ta sauka a kan jiƙaƙƙiyar laka mai samun hasken rana, sai ta tsira.

Amma ƙarfinta na gaske yana ƙarƙashin ƙasa. Tana da saiwa mai kauri wadda ke rarrafe cikin taɓo, tana ajiye abinci, tana fid da sababbin tsiro ta ko'ina. Tushe guda, in ya sami wuri, ya kan cika fili mai faɗi ba tare da ya bukaci iri ba. Wannan shi ya sa ƙuna ba ta kashe ta. Wuta ta kan cinye busasshen ganye na sama, saiwa na nan lafiya cikin laka, bayan 'yan makonni sai a ga ta tofo ta fi dā kyau, toka ma ta zame mata taki.

Akwai kuma wata hikima da Allah ya yi mata. Taɓon da ruwa ya daɗe a kansa ba shi da iska, yawancin tsire-tsire in saiwarsu ta daɗe a ciki sai ta ruɓe. Ita kuwa kacalla cikin ganyenta da kararta akwai ƙananan ramuka kamar na soso, ta nan iska ke bi daga sama har ta kai ga saiwa. Ku riƙe wannan magana, domin a nan ƙarfinta ya ke, a nan kuma lagonta ya ke.

Abin da ta ke so abu uku ne: ruwa mai daɗi marar gishiri sosai, marar zurfi, wanda ba ya wuce ƙugun mutum ko ƙirjinsa, wanda kuma ba ya ƙafewa. Abin da ta ƙi shi ma uku ne: ƙasa ta bushe ƙaƙas wata da watanni, ko ruwa mai zurfi da ƙarfin gudu ya shafe kanta, ko ruwan teku ya shigo mata.

Ina Ne Ƙasarta Ta Asali?

Dangin kacalla a duniya sun kai iri talatin ko kusa da haka. Akwai mai faɗin ganye wadda ta fi son ƙasashen sanyi, kamar Ingila da Kanada da Rasha. Wadda ke fadamunmu kuwa masana tsire-tsire na kiranta Typha domingensis. Wani masani mai suna Persoon ne ya raɗa mata wannan suna a 1807, da sunan Santo Domingo, wani tsibiri a tekun da ke tsakanin Amurka ta Arewa da ta Kudu. Mai yiwuwa ne wanda ya ji wannan suna ya ce, to, ai ga shaida, daga can ta zo. Ba haka ba ne. Sunan yana nuna inda aka samo wadda aka fara rubutawa a littafi ne kawai.

Gaskiyar magana, wannan ciyawa tana cikin tsire-tsiren da suka fi kowane faɗin ƙasa a duniya. Ana samunta, ba tare da hannun mutum ya kai ta ba, a kusan dukan ƙasashe masu zafi da masu matsakaicin zafi: daga kudancin Amurka ta Arewa zuwa Ajantina, daga Sifen da Italiya da Girka zuwa Masar da Iraƙi da Indiya, har Ostareliya. A Afirka kuwa tana nan daga bakin Bahar Rum har zuwa kudancin nahiyar. A fadamun kudancin Iraƙi, inda a ke kiranta bardi, mutane sun zauna da ita tun zamanin da ba a san farkonsa ba, har su kan tara garin furenta mai launin rawaya su dafa shi ya zama wata irin alewa.

Game da Afirka ta Yamma akwai shaida a rubuce. Tsakanin 1799 da 1803 wani mutumin Danmak mai suna Peter Thonning ya tara tsire-tsire a bakin tekun ƙasar da yau a ke kira Gana. Da aka buga bayaninsu a 1827, wannan ciyawa na ciki, da sunan Typha australis, wanda daga baya masana suka gane ita ce dai Typha domingensis. Watau shekara ɗari da saba'in kafin a gina dam ɗin Tiga, kacalla na nan a wannan sashi na duniya. Kakanninmu ma sun san ta, suna yin jinka da asabari da shinge da ita.

To, ashe 'yar gida ce. Tambayar da ta rage ita ce: me ya sa 'yar gidan da ta zauna shekara da shekaru a gefen tafki ba ta dami kowa ba, yau ta tashi ta kori masu gida? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Amsar tana cikin labarin kogin.

Yadda Kogin Ya Ke A Dā

Kogin Kano da na Calawa su ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗejiya. Kogin Jama'are kuma ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya bi ta ƙasar Bauci da Katagum. Da suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan rairayi, sai kowane ya rarrabu. Kogin Kafin Hausa ya ɓalle tun kafin garin Haɗejiya. Bayan garin kuma ruwa ya kasu zuwa tsohon kogin Haɗejiya, da Burum Gana, da Marma wadda ke zuba a tafkin Nguru. Abin da ya tsira daga cikin fadamar ya kan taru wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar har ya faɗa tafkin Cadi.

A dā wannan kogi na damina ne. Cikin Agusta da Satumba sai ya cika ya tumbatsa, ya malale ƙasa wadda a shekara mai albarka ta kan wuce murabba'in kilomita 2,000. Da kaka ta yi sai ya fara ja da baya. Kafin bazara yawancin hanyoyin ruwan sun zama yashi, sai 'yan tafkuna nan da can.

A kan wannan hawa da sauka jama'ar wurin suka gina zamansu, Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani. Manomi ya shuka shinkafa ruwa ya taso da ita. In ruwa ya janye, ya bi sawunsa ya shuka wake da sauran kayan fadama a kan danshi. Masunci ya kama kifin da ya hayayyafa cikin ambaliya. Bafillace ya kawo shanunsa da rani su ci ɗanyar ciyawa, su tattake abin da ya rage, su bar taki. Ruwan da ya nutse cikin ƙasa shi ke cika rijiyoyin garuruwa masu nisa. Tsuntsaye kuma dubu dubbai su kan zo daga Turai su yi hunturu a nan, abin da ya sa a shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da Marma, fili mai hekta 58,100, cikin jerin fadamun duniya da a ke kiyayewa bisa yarjejeniyar Ramsar. Shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya sami wannan matsayi.

A irin wannan zama kacalla ba ta da sakewa. Ambaliya mai ƙarfi ta kan share laka daga hanyoyin ruwa, ta tumɓuke abin da ya tsira. Rani ya zo ya busar da saura, kofaton shanu ya ƙarasa. Sai a bakin tafkunan da ba su ƙafewa kaɗai ta ke samun wurin fakewa.

Abin Da Dam Ya Sake

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama dam ɗin Tiga a kan kogin Kano. A 1992 aka gama na Calawa a ƙasar Ƙaraye. Waɗannan biyu su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya. An kuma yi wata madatsa kusa da Haɗejiya don noman rani a kwarin Auyo. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da su.

Kada a ɗauka muna cewa gina su kuskure ne. An gina Tiga ne a lokacin da farin 1972 zuwa 1974 ya gigita Arewa. Birnin Kano na shan ruwan waɗannan koguna. Shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa da Kura suna ciyad da mutane masu yawa, sun kuma arzuta wasu. Wannan duk gaskiya ne. Amma kowane magani da irin cizonsa.

Dam ya kan yi abu biyu ga kogi. Na farko, ya tare babbar ambaliyar damina, watau tsintsiyar da ke share hanyoyin ruwa. Na biyu, ya riƙa sakin ruwa kaɗan kaɗan duk tsawon rani, domin famfon birni da gonakin noman rani. Ruwan da ya wuce bukatarsu sai ya gangara, yana tafiya a hankali, ba zurfi, ba ƙarfi, ba ƙafewa. Ku koma ku duba abu uku da muka ce kacalla na so. Ga su nan an haɗa mata gaba ɗaya. An kuma ƙara mata da ragowar takin zamani da ke wankowa daga gonaki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga nan abu ya riƙa haifar ɗan'uwansa. Kacalla ta tsira a bakin hanyar ruwa, ta rage masa gudu. Ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta. Laka ta kwanta, wuri ya rage zurfi, kacalla ta matsa gaba. Da haka tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana da kogin Kafin Hausa suka cushe, yawancin ruwan ya karkata ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, inda ba shi da wata mafita sosai. Ga dalilin da ya sa gonar mutumin Marma ta kan kwana cikin ruwa shekara guda cur, alhali mutumin Burum Gana yana duban busasshen rafi. Masu auna ruwa sun tarar, a shekarun 1990, abin da kogin Haɗejiya ke kaiwa Gashuwa ya zama ɗan kaɗan ƙwarai, kogin Jama'are ne ke ɗauke da kogin Yobe. Shi kuwa Jama'are babu babban dam a kansa, gama na Kafin Zaki da aka daɗe ana maganarsa an fara an tsaya, ba a gama ba.

Ɓarnar Da Ta Biyo Baya

Asarar gona ita ce ta fari, amma ba ita kaɗai ba ce. Kurmin kacalla ya zama masaukin jan baki, tsuntsun nan da ke sauka a gonar shinkafa da gero da dawa kamar hadari. Ruwan da ke kwance a gindinta gidan sauro ne, kuma gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini. Masunci ba ya iya jefa taru a cikinta, jirginsa ba ya ratsa ta, garuruwan da ke zuwa kasuwa ta ruwa sun koma zagaye mai nisa. Makiyayi ya rasa burtali da makiyayar rani, ya matsa wajen gonaki, rigima ta tashi tsakaninsa da manomi. Har wa yau ciyawar tana shan ruwa mai yawa tana fitarwa ta ganye, ruwan da a dā zai kai ga na gaba.

Akwai wani lissafi da ya kamata ma'aikatan gwamnati su sani. A farkon shekarun 1990 wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa suka auna abin da fadamar ke bayarwa na noma da su da itacen wuta, suka gwada da abin da aikin noman rani na kogin Kano ke bayarwa. Suka tarar in an bi ta yawan ruwan da kowane ke sha, amfanin fadamar ya fi nesa ba kusa ba. Dalilin da ya sa ba a ganin wannan arziki shi ne a warwatse ya ke cikin hannun talakawa, ba ya shiga littafin baitulmali.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Domin a tabbata ba mu kaɗai abin ya sama ba, bari mu duba wurare uku inda wannan ciyawa 'yar gida ce, ta kuma yi irin wannan tawaye.

Na farko kogin Sanagal, tsakanin Sanagal da Muritaniya. A dā, in rani ya yi kogi ya ja baya, ruwan teku ya kan hau cikinsa tafiyar kilomita fiye da ɗari, gishiri ya ƙone kacalla. A 1986 aka gama dam ɗin Diyama kusa da bakin teku don a tare gishirin, a 1988 kuma aka gama na Manantali a ƙasar Mali. Ruwa ya zama mai daɗi, ya tsaya wuri ɗaya rani da damina. Cikin 'yan shekaru kacalla ta rufe bakin kogin da magudanan gonaki. Daga 1988 kuma cutar tsargiya ta hanji, wadda ba a saba gani a wurin ba, ta ɓarke a garin Rishar Tol ta kama jama'a masu yawa.

Na biyu ƙasar Fulorida a Amurka. A can akwai wata ƙatuwar fadama da a ke kira Everglades, wadda ruwanta ba shi da taki ko kaɗan, kacalla kuma 'yar tsiraru ce a ciki. Da aka buɗe manyan gonakin rake a arewacinta, sinadarin fosfaras, irin wanda ke cikin takin sufa, ya riƙa gangarowa. Kacalla ta samu, ta kori ciyawar asali daga fili mai faɗi. A 1988 Gwamnatin Tarayyar Amurka ta kai hukumomin jihar ƙara, a 1994 aka yi doka ta tsabtace ruwan. Dabarar da suka yi abin lura ce: suka keɓe manyan filaye a bakin gonakin, suka bar kacalla da wasu ciyayin ruwa su tsira a ciki su tsotse takin kafin ruwa ya shiga fadamar.

Na uku Palo Verde a ƙasar Kosta Rika. Fadama ce da shanu suka daɗe suna kiwo a ciki. A wajen 1980 aka mai da ita gandun tsuntsaye, aka fitar da shanun. Ba a daɗe ba kacalla ta rufe kusan dukan ruwan, tsuntsayen da aka yi abin dominsu suka rasa wurin sauka. Tilas aka koma murƙushe ta da tarakta mai ƙafafun ƙarfe, aka kuma sake barin shanu su shiga.

A Sanagal gishiri aka kawar, a Fulorida taki aka ƙara, a Kosta Rika kofato aka ɗauke, a Haɗejiya rani aka hana zuwa. Ko'ina dai akwai wani takunkumi da ke riƙe da ita, mutum ya cire shi bai sani ba.

To, Ina Magani?

Ba a zauna haka kawai ba. Tun 1987 aka kafa aikin kiyaye fadamar Haɗejiya da Nguru. A 2006 gwamnonin Bauci da Barno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka yi taro a Damaturu, suka amince da tsarin raba ruwan kogin, suka kafa asusu na musamman. A 2014 Bankin Duniya ya ba da rancen kusan dala miliyan 500 don gyara ayyukan noman rani a Arewa, kwarin Haɗejiya na ciki. An sayi injunan haƙa masu tafiya a kan ruwa. Jama'ar garuruwa kuma sun sha fita gayya da lauje da adda, suna tsaye cikin ruwa har ƙirji. Duk inda aka buɗe hanya an ga amfani nan da nan. Amma sau da yawa bayan shekara biyu ko uku sai a tarar ta komo, domin an yanke reshe an bar tushe.

A ganinmu abu huɗu ne za su yi aiki, in an haɗa su.

Na ɗaya, kuma mafi girma, a gyara yadda a ke sakin ruwa daga Tiga da Calawa. Da rani kada a saki fiye da abin da birni da gonaki ke bukata, a bar hanyoyin ruwan fadama su sami watannin bushewa. Da damina kuma a saki ruwa da shiri, a kan lokaci, da sanarwa ga hakimai da dagatai, maimakon a riƙe shi har dam ya cika a sake shi a firgice. Wannan ba ya bukatar sayen inji, sai dai yarda tsakanin jihohi da hukumar kogi. Shi ya sa ya fi wuya.

Na biyu, a yi yankan da ilmi. Wanda ya sare kacalla a saman ruwa aski ya yi mata. In an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ko fiye, ruwa ya rufe kututturen, to an toshe mata hanyar iska, saiwa ta shaƙe. In an maimaita sau biyu ko uku kafin sabon ganye ya yi ƙarfi, sai ta mutu. A yi yankan kafin zangarniya ta nuna, a kuma kwashe abin da aka yanka daga cikin ruwa. Maganin feshi kuwa a yi hattara da shi, gama ruwan nan shi mutane da dabbobi ke sha, cikinsa kuma kifi ya ke.

Na uku, a fara da mararrabar ruwa, inda Burum Gana da tsohon kogi da kogin Kafin Hausa ke rabuwa da uwar kogi. Buɗe bakin rafi guda ya fi share eka ɗari a tsakiyar fadama. A kuma sa kuɗin kula da su cikin kasafin kowace shekara, kamar yadda a ke yi wa hanyar mota.

Na huɗu, a mai da ita abin amfani. A Muritaniya da Sanagal ana yin gawayin girki da ita, ana kuma haɗa ta da yumɓu a yi tubali da rufi mai hana zafi. A nan gida Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, tare da jami'o'i daga Madrid da Maryland, ta gwada yin iskar gas ta girki da ita, da kuma adana ɗanyarta ta zama abincin dabbobi. A ƙasar da itace ke ƙarewa wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai yanka in ya san zai sami kuɗi ba sai an roƙe shi ba. Amma fa kada a ruɗe. Sana'ar gawayi za ta rage ta, ba za ta mai da kogi kan hanyarsa ba.

Aikin Malamai Da Ma'aikata

Wannan magana ba ta injiniyoyi kaɗai ba ce. Malamin makaranta a Nguru ko Birniwa yana iya tuge kacalla guda ya kai aji, ya tsaga karan, yara su ga ramukan iska da idonsu. Yaron da ya ga wannan ba zai manta dalilin yanka a ƙarƙashin ruwa ba, zai kuma faɗa wa mahaifinsa. Shi ne kuma zai gargaɗi yara game da wanka a ruwan da ke kwance, ya tura mai fitsarin jini asibiti, gama tsargiya tana da magani.

Akawun ƙaramar hukuma da magatakardan hakimi su ma suna da nasu. A kafa sanda mai alama a bakin rafi, a riƙa rubuta tsawon ruwa kowane mako, da ranar da ya zo, da ranar da ya janye, da gonakin da ya ci, da wurin da aka share da shekarar da aka share shi. Littafi irin wannan, in ya shekara goma, ya fi dogon jawabi ƙarfi a gaban kowace hukuma. Mutanen da ba su da lissafi a hannu, kukansu a kan ji shi ne kawai a ba su haƙuri.

Abu na ƙarshe, duk wanda ke da hannu a shawarar gina sabon dam, a Kafin Zaki ko a wani wuri, ya dubi Marma tukuna. A tambaya tun kafin a aza tubali: nawa za a saki da damina, nawa za a riƙe da rani, wa zai yanke shawara, wa kuma zai ji kukan na gangare? Rigakafi ya fi magani.

Kacalla ba za ta ƙare a ƙasar nan ba, ba kuwa a bukatar ta ƙare. Abin da a ke nema ta koma gefen tafki inda kakanninmu suka san ta, manomi ya sami gonarsa, masunci ya sami hanyarsa, mutumin Gashuwa ya sami rabonsa na ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: sai Kano da Jigawa da Yobe da Bauci sun ɗauki kogin nan a matsayin amana guda. Allah ya ba shugabanni ikon yin adalci a kan ruwa, ya ba mu damina mai albarka.